Yadda Ake Fara Ba Jariri Gyaɗa, da Abin da Ke Jawo Alajin Abinci

Ko an so ko ba a so, jaririn da aka haifa a gidan Bahaushe zai gamu da gyaɗa tun bai yi haƙori ba. Tana cikin miya, tana cikin kunu da yajin tsire, manta na kasko, ƙulinta na cikin kwaɗon zogale, burbushinta kuma na hannun duk wanda zai ɗauki yaron ya yi masa wasa. Abin da ke hannun uwa shi ne yadda gamuwar farko za ta kasance: ta baki ko ta fata, niƙaƙƙiya ko ƙwaya, mai kyau ko wadda funfuna ta ci.

Me ke faruwa a jikin mai alaji

Alaji kuskure ne na garkuwar jiki. Jiki yakan ɗauki wani furotin na abinci a matsayin abokin gaba, sai ya ƙera masa sinadarin kariya da likitoci ke kira IgE. Wannan sinadari yana maƙalewa a wasu ƙwayoyin halitta da ke fata, hanji da hanyoyin numfashi, ya zauna jira. Ranar da yaron ya ci abincin, ƙwayoyin sai su saki wani sinadari mai suna histamin da 'yan uwansa lokaci guda. Daga nan ne ake ganin borin jini, kumburin leɓe da ido, amai, in abin ya yi tsanani har numfashi ya toshe ko hawan jini ya faɗi. Yawanci alamun kan fito cikin 'yan mintuna, da wuya su wuce awa biyu.

Ba duk ɓacin ciki ne alaji ba. Mutumin da madarar shanu ke sa wa kumburin ciki da gudawa, sau da yawa sukarin madarar ne hanjinsa ya kasa narkarwa, garkuwar jiki ba ta da hannu a ciki. Haka jan da ke fitowa a gefen bakin jariri bayan ya sha abu mai tsamiya, lemo ko tumatir: tsami ne ya ci masa fata, ya kan baje da kansa.

Abinci tara ne ke da alhakin mafi yawan alaji: madarar shanu, ƙwai, gyaɗa, 'ya'yan itatuwa masu ƙwanso irin su yazawa da almon, waken suya, alkama, kifi, dangin jatan lande da ƙaguwa, sai riɗi. Gyaɗa ita kanta dangin wake ce, ba 'yar itace ba, shi ya sa yaro zai iya cin gyaɗa lafiya amma yazawa ta tayar masa da bori, ko akasin haka. Aya kuwa saiwa ce kamar dankali, ba ta cikin wannan lissafi.

Dalilin da ya sa wani yaro ke kamuwa wani bai kamu ba

Gado na da nasa kaso. Gidan da ake da asma, atishawar ƙura da ƙaiƙayin fata, yaransu sun fi kusa da alaji. Amma babban abin da ke nuna haɗari a jikin jariri shi ne ciwon fatar da likitoci ke kira ekzima: fata ta bushe, ta yi kaushi, ta tsattsage, tana ƙaiƙayi, galibi a kumatu, goshi da bayan hannuwa da ƙafafu. A kula, wannan daban yake da ƙyasbi mai fararen tabo a wuya da ƙirji, wanda mutane da yawa ke kira da sunan iri ɗaya. Gwargwadon yadda ciwon ya fara da wuri kuma ya yi tsanani, gwargwadon haɗarin.

Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne wanda Farfesa Gideon Lack na Kwalejin King's da ke Landan ya gabatar: jiki na da ƙofa biyu. Furotin ɗin da ya shigo ta hanji, garkuwar jiki kan karɓe shi a matsayin abinci, ta saba da shi. Wanda ya shigo ta tsagaggiyar fata mai kumburi, sai ta ɗauke shi ɓarawon da ya haura katanga. Jaririn da ke da ekzima, ana taɓa shi da hannun da ya ci gyaɗa, ana shafa masa man gyaɗa, amma an hana shi ita ta baki, shi ne aka buɗe wa ƙofar sharri aka rufe ta alheri.

An daɗe ana ba iyaye shawarar da ta saɓa wa wannan. A 1998 hukumomin lafiya na Birtaniya, sannan a 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, sun ce yaron da ke da gadon alaji kada ya ci gyaɗa sai ya kai shekara uku. Alajin bai ragu ba. A 2008 George Du Toit da Lack suka kwatanta yaran Yahudawa da ke Birtaniya da na Isra'ila, suka tarar na Birtaniya sun ninka sau goma wajen alajin gyaɗa. Bambancin da ya fito fili shi ne jariran Isra'ila suna tsotsar Bamba, wani abin taɓawa na masara da gyaɗa mai narkewa a baki, tun suna 'yan watanni.

Wannan ya haifar da gwajin da ake kira LEAP, wanda aka wallafa a 2015. An ɗauki jarirai 640 masu wata huɗu zuwa ƙasa da goma sha ɗaya, dukkansu masu ekzima mai tsanani ko alajin ƙwai ko duka biyun. An hana rabi gyaɗa, rabi kuma ana ba su furotin ɗinta giram 6 a mako har suka cika shekara biyar. Cikin waɗanda aka hana, kusan kashi 17 cikin 100 sun kamu. Cikin masu ci, kusan kashi 3. Da aka sake duba yaran nan suna wajen shekara 12 zuwa 13, sakamakon da ya fito a 2024 ya nuna kariyar ba ta gushe ba. A 2017 Amurka ta sauya ƙa'idarta gaba ɗaya zuwa ba da gyaɗa da wuri.

Mai ciki da mai shayarwa ba su da dalilin ƙaurace wa gyaɗa don kare yaro, sai in su ne ke da alajin.

Kafin ki fara: yaronki na wane rukuni ne?

Idan fatarsa lafiya lau take kuma bai taɓa yin bori da wani abinci ba, ki fara a gida da ya cika wata shida, lokacin da ake kammala shayar da nono zalla kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara. Idan yana da ekzima mara tsanani, wadda ke lafawa da mai ko ɗan maganin shafawa, shi ma a gida, wajen wata shida, kada a ja lokaci.

Idan ekzimar ta mamaye jiki, tana hana shi barci, tana dawowa duk da magani, ko kuma ya taɓa yin bori da ƙwai, to kada cokalin farko ya zama a ɗaki. Ki kai shi wurin likitan yara. Irin waɗannan ne ake yi wa gwajin fata ko na jini, ko a ba su gyaɗar a gaban ma'aikacin lafiya, kuma su ne likita kan iya cewa a fara tun wata huɗu zuwa shida. Wannan hukuncin likita ne; a inda ruwan sha ba shi da tabbas, fara abinci kafin wata shida na buɗe ƙofar gudawa.

Akwai abin lura game da gwajin jini a yankinmu. Wani bincike kan 'yan makaranta a Ghana da aka wallafa a 2013 ya samu yara da yawa da jininsu ke nuna IgE na gyaɗa alhali suna cin ta babu abin da ke samunsu, kuma an danganta hakan da tsutsar tsargiya, wadda ke sa jiki ƙera sinadarin da ke rikita gwajin. Saboda haka takardar gwaji kaɗai ba ta isa a haramta wa yaro abincin da yake ci lafiya ba.

Shekaru ba su kaɗai ne ma'auni ba. Yaro ya riƙe kansa da kyau, ya iya zama da ɗan tallafi, ya daina turo cokali waje da harshe. Kuma gyaɗa ba ita ce abincin farko ba: ya fara sabawa da koko ko kunun gero ko dankalin Hausa da aka dame na 'yan kwanaki tukuna.

Zaɓen gyaɗar da haɗa ta

A nan ƙasar, haɗarin da ya fi alaji yawa shi ne funfuna. Gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba, ko ta sha danshi a buhu, tana kama wata funfuna da ke fitar da guba mai suna aflatoksin. Gubar na lalata hanta, tana jawo sankarar hanta a tsawon lokaci, kuma an danganta ta da tsumburewar yara. Suya ko dafuwa ba sa kawar da ita yadda za a dogara. Abin da ke rage ta shi ne tsinta. Ki baza gyaɗar a faranti cikin haske, ki fitar da duk wadda ta yamutse, ta yi baƙi ko kore-kore, ta fashe, ko ƙwaro ya huda. In buhun na warin ruma, ki bar shi baki ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa ƙuli-ƙuli da gyaɗar miya ta kasuwa ba su dace da jariri ba: ba ki ga ƙwayar da aka niƙa ba, kuma ba kowa ke zubar da tsintar ba. Ƙari ga haka ƙuli na da gishiri, wani har da yaji.

Ki soya gwangwani ɗaya a busasshen kasko da wuta kaɗan, kina juyawa har cikinta ya yi ruwan zuma, ba tare da ta ƙone ba. Ta huce, ki murje jan ɓawon, ki sheƙe. Ki sake tsinta, don wata lalacewar sai an cire ɓawo take bayyana. Sai ki markaɗa a bilenda ko wankakken turmi har mai ya fito ta yi sumul. Injin markaɗen unguwa ya niƙa tattasai, waken suya da sauransu kafin naki, in yaro ya yi bori ba za ki san mai laifin ba. Ki murza kaɗan tsakanin yatsu. In kin ji tsakuwa-tsakuwa, ba ta yi ba. Babu gishiri, babu sukari, zuma kuwa haramiyar jariri ce har ya cika shekara, saboda wata ƙwayar cuta da ke iya shanye masa jiki. Ki zuba a busasshiyar kwalba mai murfi, ki riƙa ɗiba da busasshen cokali, ki yi wadda za ta ƙare cikin mako guda. In ta kanti za ki saya, ki ɗauki mai laushi marar gutsattsari, mai lambar NAFDAC.

Awo shi ne cokalin shayi biyu shafaffu, wato irin cokalin sirop mai mililita 5, na markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Wannan ya kai giram 9 zuwa 10, yana ɗauke da furotin kusan giram 2, daidai da ƙwayar gyaɗa wajen goma. Ki dama da cokali biyu zuwa uku na tafasasshen ruwa mai zafi har ta saki, ta huce. Za ki iya damawa da tatsattsen nono ko ki gauraya a cokali biyu zuwa uku na kunun da ya riga ya saba da shi. Kada ki taɓa ba shi ita da kauri kai tsaye daga kwalba: takan manne a dasashi da maƙogwaro ta toshe iska.

Ranar farko

Ki zaɓi ranar da yaron ke lafiya: ba zazzaɓi, ba mura, ba gudawa, ba ranar rigakafi ba. Ki yi da safe, a gida, lokacin da asibitin kusa ke buɗe kuma akwai abin hawa. Ba ranar biki ba, ba daf da barci ba. Ki tabbatar kina da awa biyu da ba abin da zai ɗauke miki hankali, in da hali maigida ko wani babba na kusa.

Ki zaunar da shi a miƙe a cinya. Ɗura, wato a kwantar da yaro a toshe masa hanci a kwarara kunu, ba ta da wuri a nan ko a wani lokaci. Ki ɗebo a bakin cokali ɗan kaɗan, kamar ƙwayar wake, ki ba shi. Ki ajiye cokalin, ki jira minti goma kina kallon fuskarsa da jikinsa. Ki cire masa riga don ki ga ciki da baya. In babu komai, ki ci gaba da ba shi sauran a hankali yadda ya saba ci. Idan ya ƙi ƙarasawa kada ki matsa masa. Bayan ya gama ki wanke masa baki da hannu, ki ci gaba da lura har awa biyu. Kada ki goya shi a wannan lokaci, domin a baya ba kya ganin fuskarsa.

Wasu kan shafa gyaɗa a hannun yaro ko leɓensa wai gwaji. Wannan bai nuna komai, fatar jariri na iya yin ja ko ba alaji, kuma ita ce ƙofar da ake gudu. Haka nan ranar farko kada a yi amfani da haɗin garin kunun yara da ake kira Tom Brown, domin gyaɗa da waken suya, wani lokaci har da jatan lande, duk suna ciki; sai an gwada kowanne shi kaɗai sannan a haɗa. Kunun gyaɗar gida ma ba ma'auni ba ne, an tace shi an tsinka, ga tsamiya da sukari.

Idan wani abu ya fito

A baƙar fata borin jini ba lallai ya yi ja ba. Ki shafa da tafin hannu, za ki ji tudu-tudu kamar cizon sauro da suka haɗe. In 'yan ƙuraje ne a gefen baki ko fuska, ko ɗan kumburin fatar ido, yaron kuma na wasa yana numfashi daidai, ki dakatar da abincin, ki ɗauki hoton wurin da waya, ki kai shi asibiti ranar. Kada ki sake ba shi gyaɗa sai likita ya ce.

Alamun gaggawa su ne: tari ba ƙaƙƙautawa, numfashi mai fito ko haki, dishewar murya ko kuka ya sauya sauti, kumburin harshe, dalalar miyau kwatsam, amai a jere tare da bori a jiki, leɓe da dasashi su yi fari ko toka-toka, ko yaron ya langaɓe kamar barci ya kwashe shi nan take. Ɗaya daga cikinsu ta isa a tafi. Ki riƙe shi a kwance a hannu, ba a tsaye a kafaɗa ba. In yana amai ki karkata shi gefe. In numfashi ne ya yi masa wuya ki ɗan ɗaga ƙirjinsa. Kada a ɗura masa manja, madara, ruwan rubutu ko jiƙo, duk abin da aka zuba a bakin yaron da ke fama da numfashi huhu yake nufa. Da kin isa ki ce: ya ci gyaɗa da ƙarfe kaza, numfashinsa ya sauya.

Maganin wannan hali ɗaya ne, allurar adirenalin a naman gefen cinya ta waje. Ma'aikacin lafiya na auna ta da nauyin yaro, miligiram 0.01 a kowane kilo, kuma a maimaita bayan minti biyar in ba a ga sauƙi ba. Sirop ɗin ƙaiƙayi irin su Piriton na rage bori ne kawai, ba ya buɗe maƙogwaro, kuma yana sa barcin da zai ɓoye alamar tsananta. Ko yaro ya warware a bar shi a asibiti na wasu awanni, saboda abin kan iya dawowa karo na biyu.

Akwai wani nau'i da ba ya zuwa da bori: yaro ya ci, bayan awa ɗaya zuwa huɗu ya kama amai babu tsayawa har ya galabaita. Shi ma na asibiti ne, ƙarin ruwa yake buƙata.

Bayan ranar farko

Nan ne mafi yawan iyaye ke sakaci. Ɗanɗana sau ɗaya a bari wata biyu ba kariya ba ce. Abin da aka gwada ya yi aiki shi ne maimaici: wannan awo na cokali biyu, sau uku a mako, a ci gaba har yaro ya shiga cin tukunyar gida inda miyar gyaɗa da kunu za su ɗauki nauyin. Ki sa masa ranaku sanannu don kada a manta.

Sauran ma haka ake bi da su, ɗaya bayan ɗaya, da tazarar kwana biyu ko uku don a gane mai laifi in an samu matsala. Ƙwai a dafa shi ya yi tauri, a dame fari da gwaiduwa. Yazawa da almon a niƙa su zama gari ko su yi sumul, a zuba cokali ɗaya ko biyu a kunu. Riɗi a soya a markaɗa, kantu ya yi wa jariri tauri. Awara mai laushi ta wadatar a gwada waken suya. Kifi a tsince ƙaya tsaf.

Game da fata: duk wanda ya taɓa gyaɗa ko ƙuli ya wanke hannu da sabulu kafin ya ɗauki jariri mai ekzima, musamman kafin shafa masa mai. Man gyaɗar gida da ba a tace ba yana ɗauke da furotin, kada a shafa wa jariri shi. Bazalin ya fi. Ekzima kuma a yi mata magani da gaske, kada a jira ta tafi da kanta.

Abincin tamowa na leda da ake bayarwa a asibitoci daga Maraɗi zuwa Maiduguri shi ma gyaɗa ce ginshiƙinsa. Magani ne da aka auna wa yaro mai tamowa, bai kamata a saye shi a kasuwa don wannan aiki ba. In kuma yaron da za a rubuta wa shi ya taɓa bori da gyaɗa, a faɗa wa ma'aikaciyar tun kafin a buɗe ledar.

Ƙwayar gyaɗa, soyayya ko dafaffiya, da yazawa da aya da gurjiya, ba na yaron da bai kai shekara biyar ba ne. Turamen haƙoransa ba su iya niƙa ba, hanyar iskarsa kuma ba ta fi ɗan yatsansa faɗi ba. Galibi yayye ne ke sa wa ƙanensu a baki, don haka su ma a gaya musu. In jariri ya shaƙe yana tari da ƙarfi, ki bar shi ya yi tarin. In ya yi shiru, ba kuka ba numfashi, ki kifa shi a kan hannunki kansa ƙasa da ƙirjinsa, ki buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafi sau biyar. In bai fito ba ki juya shi, ki danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau biyar, ki riƙa sauyawa ana kan hanyar asibiti. Kada ki zura yatsa kina lalube, za ki ƙara tura ta. Yaron da ya ƙware da gyaɗa sannan ya lafa, amma daga baya tari ko zazzaɓi ya ƙi ƙarewa, a gaya wa likita zancen ƙwarewar ko da an yi makonni, domin ƙwayar kan sauka ta zauna a reshen huhu, sai an sa na'ura an ciro ta.